Ɗakin da Yaya Haladu Ya Liƙe

Ranar da abin ya iso gare mu, da safe mota na wanke kamar kullum. Sanyin Riyad ake yi, irin mai tsaga leɓe. Na sayi gurasar tamis da zafinta, na biya ta unguwar Batha na kai wa yayana Haladu a shagon da yake ɗinki. Ya gutsura, ya dube ni ya ce, "Auta, mai gidanka ya sa an duba tayoyin mota?" Na ce ya sa, jiya. Ya ce, "To gudu zai yi. Kai dai sa ido."

Haladu bai yarda da kowa ba. Ni a lokacin saurayi ne, ina tuƙa wani Balarabe a unguwar Ulaisha, dariya nake yi masa. Yau na fi shi rashin yarda.

An yi watanni ana abu ɗaya. Shugaban Iraƙi ya haɗiye Kuwait ya ce ba zai tofar ba. Manya suna ta hawa jirgi suna sauka, a zauna a wannan gari, a tashi a koma wancan, a fito ana musabaha a talabijin. Rediyo ta ce an kusa sulhu. Sojojin ƙasashen duniya kuwa sai ƙara sauka suke. Wa'adin da aka ba mutumin ya cika, aka fara yi masa ruwan wuta, shi ma ya juyo da makamansa kanmu.

Abin da kowa ke tsoro iska mai guba ce. An ce yana da ita, har ya taɓa watsa wa mutanen ƙasarsa. Aka ce kowa ya liƙe taga da ƙofa da salatif, ya cusa jiƙaƙƙen tawul a ƙarƙashin ƙofa. Mai gidana ya samo wa iyalinsa abin rufe fuska, kowa da nasa. Da na tambayi nawa ya ce min "bukura", wato gobe. Haladu da ya san ba mai ba shi, sai ya liƙe ɗakinsa tsaf, har ramin makulli.

Bayan isha'i jiniya ta tashi. Kuka take tana hawa tana sauka. Sai ƙara biyu a sama, kamar an buga ƙofar ƙarfe. Ta ukun a ƙasa ta faɗi. Bango ya girgiza, gilashin falo ya zube. Yara suna ihu a ciki. Ni ina ɗakin direba a bakin ƙofa, na toshe hanci da hula, ina jiran in ji ko numfashina zai tsaya. Bai tsaya ba.

Ana sallame asuba mai gida ya fito. "Yalla! Mota! Ɗa'ifa za mu!"

Na roƙe shi mu ɗauki yayana. A wancan zamanin baƙo ba ya fita daga gari zuwa gari sai da takardar kafilinsa, mutumin da ya tsaya masa a ƙasar. Nawa kafilin yana zaune a gefena. Na Haladu ya tsere Jidda tun makon jiya, bai bar masa komai ba. Mai gida ya dubi matarsa, sannan ya ɗaga hannu wai to.

Muka tsaya a ƙofar gidan su Haladu. Sai da ya yanka salatif da reza ya iya fitowa. Aka cusa shi can baya tsakanin akwatuna, wasu kayan kuma aka ɗora wa matan a cinya. Uwar gida tana ta ƙunƙuni.

Hanyar Makka ta cika maƙil. Motoci da katifu a kai, ana ta ham. Rana ta ɗaga kafin mu kai shingen bayan gari. Soja ya leƙo. "Iƙama! Takarda!" Na miƙa tawa. Mai gida ya sauke gilashi, ya yi masa magana ƙasa-ƙasa. Larabcina a lokacin bai kai ba. Sojan ya zagaya ya buɗe baya.

"Inzil! Sauko!"

Haladu ya sauko da ledar kayansa. Na buɗe ƙofa zan fita, mai gida ya daka min tsawa. Haladu ya matso taga ya ce, "Ban faɗa maka ba? Ja motarka, Auta, kada kai ma a ajiye ka." Na ja. Ban yi nisa ba aka sa na tsaya, aka sauke kayan cinyar matan aka mayar inda ya tashi. Har yau ban san abin da mai gida ya faɗa wa sojan nan ba. Na tambaye shi sau ɗaya, ya ce in kula da hanya.

A Ɗa'ifa muka zauna har aka daina harbi. Duk ranar da na samu waya sai in buga shagon Batha. Ba mai ɗauka.

Da muka dawo na tarar da ƙofarsa a ɓalle. Maƙwabcinsa Malam Iro, mutumin Damagaram, shi ya ba ni labari. Haladu ya tako mafi yawan hanyar nan a ƙafa, ya iso da yamma yana rawar sanyi. Ya ari kasko da gawayi wajen Iro, ya shiga, ya sake liƙe ƙofar daga ciki. A daren jiniya ta kuma tashi, kowa ya shige nasa ɗakin. Ba wanda ya ƙwanƙwasa masa sai da aka ga shiru ya yi yawa. Suka same shi kwance cikin bargo, ba rai, gawayin ya zama toka, hayaƙinsa bai sami hanyar fita ba.

Iska mai guba ba ta taɓa sauka a Riyad ba, ko sau ɗaya. Da aka lissafa waɗanda yaƙin ya ci, babu Haladu. An ce makami bai taɓa shi ba.

Mu biyu muka zo daga Gumel. Kaburburan ƙasar nan ba a rubuta musu suna. Iro ya kai ni maƙabarta, ya tsaya ya daɗe yana dubawa, ya ce ɗaya ne daga cikin waɗannan ukun. Duka ukun nake yi wa addu'a.