Sandar Mutum Biyu

Ranar kasuwa ce. Balki, matata, ta tashe ni da asuba, ta ɗumama sauran tuwo muka ci. Ni igiya nake tufkawa, ita daddawa da kuka take sayarwa. Idona ya daɗe da tafiya, hawan jinin ido in ji likita. Tun daga nan sanda guda muke tafiya da ita, ta icen aduwa, doguwa. Balki ta riƙe kan gaba, ni na riƙe na baya.

Ba ma magana a hanya, sandar ke yi mana. In akwai rami sai ta ɗaga ta. In za mu karkata sai ta murɗa. In ta hango wanda ba ta son tsayawa gaisawa da shi sai ta ƙara sauri, ni kuwa ina baya ina dariya.

Garinmu ƙarami ne, a arewacin Tillaberi. Da hantsi muna cikin rumfa, ina ciniki da wani mai jaki. Sai na ji ƙarar moto, wato babur. Ba ɗaya ba, da yawa, kuma daga wajen da babu hanya. Kasuwa ta yi tsit. Sai harbi.

Kwanoni suka zube. Jakai suka tsinke igiya. Wani yana ihu da Zabarmanci a kwanta, wani yana cewa a gudu. Balki ta cusa min kan sanda a hannu.

"Tashi!"

Muka ruga. Ina taka tumatir, ina taka takalman mutane. Hayaƙin rumfuna ya shiga min maƙogwaro. Ta ɗaga sanda na tsallake, ta murɗa na karkata. Ko a cikin wannan gudun ba ta manta ba.

Daidai rijiyar dabbobi sandar ta yi nauyi, ta ja ni ƙasa. Sai ta yi sako-sako. Na kira sunanta. Harbi ya rufe muryata. Ina laluben ƙasa sai na ji an ɗaga sandar an ja.

Ba hannunta ba ne. Balki bahaguwa ce, ƙasa-ƙasa take ja, daidai ƙugu. Wannan sama yake ja, da ƙarfi. Na toge, na ce matata.

"Gudu, baba!"

Namiji ne. Ya fizge ni na faɗi, ya ɗaga ni, ya ci gaba da ja. Haka muka shiga kwazazzabo. Muka kwanta cikin rairayi mai zafi har la'asar. Da ƙarar moto ta yi nisa ya tashi neman nasa. Ban san sunansa ba har yau. Matan da suka iso daga baya su suka ce sun ga zanen Balki a bakin rijiya. Ba wanda ya yarda ya koma da ni.

Muka yi ta tafiya a ƙasa har bakin gudro, wato hanyar kwalta. Wani kamiyon albasa ya kwaso mu zuwa Yamai. Sandar tana hannuna duk hanya.

Na sauka unguwar Yantala, gidan ɗiyarmu Hadiza. Mijinta direban taksi ne, ita kuma tana da tsohon ciki. A garinmu na san kowane dutse. A nan ko masallacin bayan gida sai an kai ni. Hadiza ce ke kama hannuna tana nishi, ni kuma kunya na kashe ni. Ba abin da nake so irin in fita da ƙafata in dawo ba tare da na tayar da kowa ba.

A rediyo Hadiza ta ji labarin wata ƙungiya mai taimakon makafi a unguwar Dar es Salam. Zuwan farko aka ce shugaba ya tafi taro. Da muka koma aka ce ai ni ɗan gudun hijira ne, in je biro, wato ofishin masu hijira. Can kuma suka ce makafi suna da ƙungiyarsu. Haka aka yi ta gara ni, taksin surukina na cin mai. Ranar da aka karɓe ni aka ɗauke ni hoto, mai hoton yana ta cewa in kallo nan. Na ce masa in ya gano min inda nan ɗin take, zan kalla. An ba ni shinkafa da sabulu, wasu baƙi suka yi tafi. Na gode, amma ba shinkafa ta kawo ni ba.

Mai koyar da tafiya a ƙungiyar sunanta Madam Ramatu, Bazabarmiya, ita ma makauniya. Daga unguwar Lamorde take ƙetaro gada kullum ita kaɗai. Dokarta ɗaya ce: wanda zai koya ya bar tsohuwar sandarsa wajen gardi, ya karɓi farar sanda. Na ce ba na barin tawa. Ta ce to ga banci nan.

Na zauna kan bancin nan har na san inda ƙusarsa take. Ina jin sauran suna zagaya tsakar gida, ƙas, ƙas, ƙas, ni ina cika ina batsewa. Ban gaya wa kowa dalili ba, ba su kuma tambaya ba. Sun ɗauka taurin kan tsofaffi ne.

Wata rana zafi ya iso kan bancin. Gardi, da kyakkyawar niyya, ya kama kan sandar na gaba zai ja ni inuwa. Ban san lokacin da na daka masa tsawa ba. Ƙas-ƙas ɗin ya tsaya.

Madam Ramatu ta zo ta ce in ba ta sandar ta taɓa. Na ba ta, amma ban saki nawa kan ba. Na ji yatsunta suna bin icen har ƙarshe, inda hannu ya cinye shi ya yi santsi.

"Baba, wagga sandar mutum biyu ce. Ina ɗayan?"

Na gaya mata. Ta ce Allah shi jiƙanta. Na zaci za ta sassauta. Ina, ba ta sassauta ba. Ta ce wannan sandar ba ta san tafiya da mutum ɗaya ba, kuma direbobin Yamai farar sanda kaɗai suke tsaya wa, in ma sun tsaya. Abin da ta yarda da shi kawai, kada in ba gardi, in bar ta gida. Na tafi da fushi, na yi niyyar ba na komawa.

A satin Hadiza ta haihu. Ranar Juma'a na yi wanka, na sa riga, na zauna bakin ƙofa. Mijinta yana asibiti wurinta, babu mai kai ni masallaci. Ina jin huɗuba daga nan har aka sallame. Ran Litinin na jingine sandar bayan ƙofa, na ce a kai ni Dar es Salam.

Yanzu ina zuwa masallaci ni kaɗai. Farar sanda ba ta da nauyi. Ba ta gaya min rami sai na kai bakinsa. Madam ta ce na fi kowa gardama, amma ƙafata ta iya.

A can garinmu na bar ɗaki, da awaki, da igiyar da ban gama tufkawa ba. Ban san wanda ya binne Balki ba. An sa wa jaririyar sunanta.

A hanyar masallaci duk wanda ya tare ni da gaisuwa sai na tsaya, har mai dogon surutu. Babu mai ƙara sauri.