Igiyar Tsumman Iya

A gidanmu na Zoza, da an idar da sallar magariba an ci tuwo, sai mu jikoki mu kewaye murhun Iya, kakarmu ta wajen uba. Lokacin girbi ba ta kashe wutar da wuri, don akwai gyaɗar da muke turawa cikin toka. Ita kuwa hannunta ba ya zama haka nan. Kullum da kwandon tsummokara a gefenta: yagaggen zani, hannun riga, buhun taki da ya huje. Ta tsaga su siri-siri, ta ɗora a cinya tana tufka igiya. Waɗanda suka ƙi tufkuwa ta naɗe su gammo, ko ta cusa a matashi. Tana aiki tana ba mu tatsuniya.

Akwai guda da ta fi maimaitawa. Da ta ce, "To, ga wata nan tafe gare ku," mu ce ta ƙaraso mu ji, galibi ita ce.

Wai an yi wata tsohuwa mai bin gida-gida tana roƙon tsumma, har 'yan gari suka sa mata suna Mai-bola. Ɗanta guda ne, mai haƙar rijiya, kuma don kunyar sana'arta in ya hango ta a hanya sai ya sauya kwana. Wata shekara rani ya tsananta, ruwa ya ja ƙasa, aka sa shi ya shiga rijiyar gari ya yashe ta. Yana can ƙasa igiya ta tsinke. Aka ƙulla igiyoyin gugan gari kaf, ba su kai ba, ga ƙasa ta fara zubo masa. Sai ga tsohuwa da ƙaton naɗi a ka, igiyar da ta yi shekaru tana tufkawa. Aka zura, ta kai. Ana ja mutane na gane kayansu. Wata ta ce, "La! Ai zanen aurena ne wannan." Wani ya ga rawanin marigayi babansa.

Ni ce mai yawan tambaya. "Iya, da ya fito me ta ce masa?"

"Me za ta ce? Ta kakkaɓe masa laka, ta ce ya zo gida abinci na hucewa."

"Ko zagi ɗaya ba ta yi masa ba?"

"Ke dai ciro gyaɗarki, 'yar nan, ƙonewa take yi."

Mu a lokacin abin da muka ɗauka shi ne kada a yar da tsumma. Da wannan fahimtar na girma, na yi aure a Ƙaraye, na koyi ɗinki, ina haɗa ƙyallayen da suka rage in yi wa yara mayafin sanyi.

Sai da Iya ta rasu na ji sauran. Bayan sadakar bakwai muna zaune da Baba a ɗakinta, ya ce kakanmu ya rasu tun shi Baba yana ƙarami, da igiya da gammon da Iya take kaiwa kasuwar Rogo ta ciyar da shi har ya shiga makaranta. Wata ranar kasuwa yana tare da abokansa ta kira sunansa, ya wuce kamar bai ji ba. Ɗayansu ya tambaye shi ko wace ce, ya ce, "Wata tsohuwar garinmu ce." A kunnenta. Da yamma ta zuba masa tuwo kamar kullum.

"Na yi shekaru ina jiran ta yi mini faɗa," in ji Baba. "Ba ta yi ba. Da kuka zo duniya sai na ji ta daga zaure tana ba ku labarina. Har rijiya ta jefa ni don ta samu ta ciro ni."

Na daɗe ina juya maganar nan. Abin ya yi mata ciwo, tunda ba ta manta ba, amma ba ta taɓa barin tatsuniyar ta ƙare ɗan yana ƙasa ba. Na tambayi Baba ko ya nemi gafararta. Ya share ido da bakin rigarsa, ya ce sau ɗaya ya durƙusa zai fara, ta katse shi.

"Tashi, Audu. Na yafe tun kafin ka iso gida ranar."