Jirgin Albasar Baffa Ummaru

Ku da kuka san Baffa Ummaru, ƙanen mahaifina, kun san bai taɓa shiga lambunsa ta gaba ba, sai ya kewaya ta wajen wutsiya. E, lambu mai wutsiya! Tun da ya dawo Aliero daga yaƙin Turawa, inda ya yi aikin loda wa jirgin sama bama-bamai, ya rushe fangalan albasarmu ya sake zana su da siffar jirgin: dogon jiki, fukafukai biyu, kowanne da zagayayyen fangali a gaba, wai farfela.

Ni na sha wahalar. Ruwan jigo ba ya kaiwa bakin fiffike, sai da tulu. Na ce, "Baffa, bayana ya mutu, mu rage fiffiken ga."

Ya ce, "A rage guda ya karkace? Kai ka ɗaukar alhakin mutanen ciki?"

Mutanen ciki fa, albasa ce!

Ran nan surukinsa ya zo daga Maiyama, dattijo da rawaninsa, ya tsaya gaban farfela yana gaisuwa. Baffa ya fincike shi har rawanin ya faɗa laka. "Kauce, malam! Farfela ba ta san suruki ba!" Bawan Allah ko ruwa bai sha ba ya juya.

Wani mai sayen albasa daga Jega ya tsokane shi: "Wanga jirgi yaushe za shi tashi?"

"Duk bazara shina tashi, bisa jakunanka."

Abin da ya fi ci mini rai shi ne cikin jirgin, wato tumbinsa, can tsakiya. Nan ƙasa ta fi kyau, amma bai yarda a dasa komai ba. Shekarar da gero ya ƙi, rumbu ya yi ƙasa, na gaji na ce, "Baffa, yunwa na cin gida, ga wuri kwance banza!"

Ya juya ya dubi wurin. Can ya ce, "Da hannuna ni ka cika cikin ga da sahe, da marece shi dawo wayam. Ban taɓa tambaya bisa wa anka juye ba. Ba ni ƙara sa mishi komi."

Mun ji jiki shekarar nan, amma ban sake ɗaga maganar ba. Wallahi tausayinsa ne ya rufe mini baki.

Allah ya jiƙan Baffa, ya sauke masa wannan kaya. Ya jiƙan waɗanda bai taɓa ganin fuskarsu ba.