Ɗakunan Bayan Gidan Baba

Jiya na bi ta bayan gidanmu a Guci, na tarar an cika ɗakunan nan uku da harawa, ga jaki ɗaure a ƙofa. Sai Baba ya faɗo mini a rai.

Shi ya gina su don tsofaffin da ba su da kowa. Kowace shekara, kafin ruwan shuka, jinkarsu yake fara gyarawa, sannan tamu. Wata shekara ruwa ya riga shi. Muka wuni muna tara ƙwarya a ɗakin Inna, tabarmi suka jiƙe sharkaf, shi kuwa yana can kan ɗakin wata tsohuwa makauniya yana ɗaure shuci. Har yau ina jin warin jiƙaƙƙiyar ciyawa a rigarsa.

Da ya sauko na ce, "Haba Baba, mu fa?"

Ya ce, "Ku kuna ganin inda yake zuba, ku matsa. Ita fa?"

Bayan rasuwarsa yayyena suka ce hatsi ba zai kai ba. A lokacin makauniyar nan kaɗai ta rage a ɗakunan. Aka ɗora ta a amalanke zuwa Magariya, wai tana da dangi can. Ba ta da su, duk mun sani. Ni na ɗaure mata kayanta.

Allah ya jiƙan Baba, ya ba shi inuwar da ba ta yoyo. Mu kuwa, ranar da ƙarfi ya ƙare, Allah kada ya haɗa mu da irinmu.