Ranar da Aka Ba Ni Kan Igiya

Na manta abubuwa da yawa a rayuwata, har sunayen jikokina kan rikice mini in sun taru, amma ranar da aka yashe rijiyar garinmu ba za ta fita raina ba sai an rufe ni da ƙasa.

A bazarar farko ce bayan an rantsar da sabon shugaban ƙasa. Garinmu ƙauye ne arewa da Afala, kuma siyasa ta riga ta tsaga shi gida biyu, har mutum ya yanka ragon suna maƙwabcinsa bai leƙo ba. Ɓangarenmu ne ya ci. Ni kuwa ina saurayi mai jini a jika, na je birnin Tawa sau biyu na ga tuta, na dawo ina jin kamar ni aka naɗa. Maigari wan mahaifina ne, kullum yakan ce, "An naɗa, an gama. Wanda Allah yab ba, a bi shi, kowa shi kama bakinai." Ni a wautata na ɗauka da waɗanda suka faɗi kaɗai yake.

Cikin waɗanda suka faɗi akwai wani dattijo maginin rijiya, mutum marar yawan magana. Shi na tare a bakin kasuwa, gaban jama'a, na ce masa sai na sa gumiye, dogaran gwamnati, sun zo bisa raƙuma sun ɗaure shi sun kai Tawa. Sa'an ubana fa! Ya dube ni kawai ya wuce. Har yau in na tuna, kunya ke rufe ni.

Ba a yi wata guda ba gefen rijiyarmu ya zube, yashi ya toshe idon ruwa. Ita kaɗai gare mu, zurfinta gaba talatin da ɗoriya. Kwana uku mata na tafiyar rabin yini da jakuna neman abin da za a jiƙa maƙoshi, shanu na kuka, Buzaye maƙwabtanmu sun durƙusar da raƙumansu suna jira. Duk yankin babu mai iya shiga ya yashe ta sai wannan dattijon da na ci wa mutunci.

Al'adarmu ita ce mai shiga rijiya shi ke zaɓen wanda zai riƙe kan igiya, wato wanda zai tsaya a baki, ya ji motsin igiyar daga ƙasa, ya gaya wa na baya su saki ko su ja. Ƙane ko ɗa ake ba, don rai ne mutum ke danƙawa. Da ya ɗaura igiya a ƙugu, maigari ya ce, "Wa ka riƙe ma kai?" Dattijon ya wuce ƙanensa, ya wuce ɗansa, ya nuna ni. "Ɗan ga naka."

Na dubi maigari ko zai cece ni, ya ce, "Ka ji dai. Kama."

Muka zura shi a hankali har duhu ya haɗiye shi. Guga na hawa cike da yashi, yana komawa, rana ta take tsaka. Can sai na ji wani ruri daga ƙasa, ƙura ta taso, igiya ta girgiza sau uku a hannuna sannan ta yi nauyi kamar an ɗaura mata bijimi. Gefen ya sake zubowa a kansa. Ban san lokacin da na kurma ihu ba: "Ku ja! Don Allah ku ja!"

Muka ja, igiya ta ƙi motsi. Tafin hannuna ya saɓule, jini na bin igiya, ina kiran sunan Allah, ina roƙon kada bawan nan ya mutu a hannuna. Sai na ji ƙarfi ya ƙaru a bayana. Na waiwaya. Layin mutane ya wuce kwamin da shanu ke shan ruwa. Namu da nasu, mutanen da suka shekara ba su gaisa ba, ƙirjin wannan a bayan wancan, Buzaye sun naɗe hannun riga sun shiga, maigari da tsufansa rawani ya faɗi yana ja. Murya ɗaya ake yi, numfashi ɗaya. Wallahi ban taɓa ganin abin da ya cika mini ido kamar wannan ba.

Ya fito fari fat da yashi, yana tari, amma da ransa. Washegari ya sake shiga, kuma ni ya sake ba igiyar, da hannuna naɗe da tsumma. Kafin la'asar ruwa ya ɓuɓɓugo.

Bayan kwana biyu na je gidansa, na durƙusa na nemi gafara, na ce, "Baba, mi yas sa kaz zaɓe ni?"

Ya yi murmushi ya ce, "Da ƙanena yar riƙe, rabin gari ka ja, rabi na kallo. Amma kai, in nim mutu hannunka cewa za a yi kun kashe ni, dole naku su ja. Nawa ko ba su barina." Ya ƙara da cewa, "Shugaban ga ban zaɓe shi ba, amma Allah ya ba shi, ba ni ja da ikon Allah. Ku dai da kunka ci, ku tuna rijiya guda gare mu."

Tun ranar nake kan ra'ayin tsofaffinmu, cewa in an naɗa shugaba a bar gardama a bi shi, ko yaran yanzu za su ce na tsufa. Amma na koyi cewa biyayyar wanda ya faɗi rabin aikin ce kawai. Sauran rabin yana wuyan wanda ya ci, domin ran ɗan'uwansa aka sa masa a hannu, kuma Allah zai tambaye shi yadda ya riƙe.