Wanda Ya Kai Dami, Ya Wanke Hannu

Bana shekara goma sha huɗu ke nan da Allah ya karɓi ran maigidana. Ban taɓa faɗin sunanshi ba yana raye, ba kuma a jarida zan fara ba. Mutanen Filinge da ƙauyukan Kurfai sun san shi da Baban Rumbu, wannan ya isa. Ni ban shiga lakwal ba, makarantar boko, ko na yini guda. Faɗa nike ana rubutawa, kuma na sa an karanta mani don kar a gyara mani baki.

Manomi ne daga wajen Tabla, karatunshi na allo ne. Abin da ya tsaya mashi a rai shi ne yaran ƙauye da ke cin jarabawar shiga kolej, su zo gari babu wurin kwana. A lokacin sai a nemi wani ɗan'uwa ko abokin kasuwa a ajiye mashi yaro. Wasu sun riƙe amana, Allah ya saka masu. Wasu kuwa, yarinya ta zo karatu sai ta koma mai daka da ɗibar ruwa, kafin zafi ya shigo ta tattara ta koma gida. Kuma ba ka iya tambaya. Mutumin da ya yi maka alheri ya karɓi ɗanka, da wane baki za ka ce mashi me yaron ya ci jiya?

Rashin bakin tambayar nan ya fi komi ci mashi rai. Sai shi da wasu manoma da wani malamin lakwal da ya aje aikin koyarwa suka gina azuzuwa da ɗakunan kwana na laka a bayan gari, suka kafa rumbu a tsakar wurin. Kowane gida mai yaro a ciki ya kawo damin hatsi in an yi girbi. Shi kuma ya kafa ƙa'ida guda: duk wanda daminshi ya shiga rumbun nan, yana da ikon shigowa kowace rana ba sanarwa, ya wanke hannu ya zauna ya ci cikin kwanon yara. Ba a zuba mashi daban, ba a shimfiɗa mashi tabarma.

Malamai ba su so ba da farko. Wani ya ce wannan makaranta ce ko gidan suna. Amma ƙa'idar a kanmu ta fara cizo. Wata mata daga Damana ta zo ranar kasuwa, ta kai loma baki, ta furzar, ta ce hatsin nan ya kwana biyu a duniya, ƙwari sun riga yara ci. Da aka bi sawu, sai ga shi daga gidan ƙanen maigidana ya fito. Da rana tsaka maigidana ya ɗora dammunan a amalanke ya mayar mashi har ƙofar gida, ya ɗebo sabo daga rumbunmu ya cike gurbi. Ba su sake gaisawa ba sai da Babbar Salla. Na ce mashi da ya yi abin a rufe. Ya ce, "In na rufe na gidanmu, gobe wa zai buɗe baki a kan na wani?"

Ina yawan tunanin abin da zai ce da ya ga yau. Zai ji daɗi ya ga ɗakin ƴan mata ya cika har an ƙara wani. Zai yi shiru ya ji yadda tsoro ya rufe makarantu a wasu ƙauyuka, yara na zuwa gari da tabarma a kai. Amma na san abin da zai sa ya tuɓe hula ya ɗora a gwiwa, yadda yake yi in ranshi ya ɓaci: waɗanda suka girma da tuwon rumbun nan, yanzu kunyar faɗin sunan makarantar suke ji. Da mutum ya samu abin hannu, sai ya fara lissafa manyan sunayen Yamai, kamar suna ne ke koya ma yaro karatu.

Ba da wani nike ba, da ɗana nike. Idrisu shi ne na uku a wurina, a nan ya yi karatu, yanzu ma'aikaci ne a Yamai. Ɗiyarshi Zalika a hannuna take tun da aka yaye ta. Bana ta ci jarabawa, sai ya kira ni a salula ya ce ya samar mata wuri a wata babbar makarantar kwana can, irin wadda in an faɗi sunanta mutane ke gyara zama.

Ba zan ce ba shi da hujja ba. Ya ce can akwai ɗakin littattafai da wuta, malamai ba su tafiya a tsakiyar shekara, kuma hanyar Filinge ba ta da lafiya kamar da, gara ɗiyarshi ta kasance kusa da shi. Duk gaskiya ne. Kuma uba ne, maganarshi ke gaba da tawa. Na ce to, a kai ni in gani da idona.

Gini dai ba a magana. Fenti har ƙasa, itatuwa a jere. Aka zagaya da mu azuzuwa cikin mutunci, aka ba ni ruwan sanyi. Da na ce a nuna mani wurin girki da inda ƴan mata ke kwana, sai mutumin da ke yi mamu jagora ya yi murmushi, ya ce, "Hajiya, can ba a shiga. Akwai ranar ziyara, za a fito maki da ita." Ban zarge shi ba, dokar wurinsu ce, kuma mai yiwuwa tukunyarsu ta fi tamu kyau. Amma ban gani ba. Na dawo inda muka fito da can: an karɓi ɗanka, ba ka da bakin tambaya.

A mota Idrisu ya ce, "Inna, kin ba ni kunya. Ana nuna maki na'urori kina neman murhu."

Na ce, "Kai da murhu ka yi wannan wuyan da kake ɗaura ma ƙyalle."

Ya yi dariya, amma bai sauka daga ra'ayinshi ba. Ni ma ban sauka ba. Abu guda na roƙa: kafin ya yanke, ya zo Filinge ya ci cikin kwanon yara. Gonar ubanshi ba ta fasa kai dami ba tun rasuwar, don haka ikonshi ne, ba alfarma ba.

Ya zo, ba don yana so ba. Ban gaya ma kowa zuwanshi ba, kuma ba zan yi maku ƙarya ba, ranar ba ta yi mani kyau ba. Miyar kuka ce tsararo, an yi mata rowar daddawa. Randa guda ta fashe ba a sake ta ba. A ɗakin ƴan mata kwanon rufi ya ɗage a kusurwa, kana ganin sama. Idrisu ya ci loma kaɗan ya miƙe, hannu ba wanki, ya nufi wurin darakta, shugaban makarantar. Ina daga inuwa ina jin muryarshi. Ya yi faɗa kan miya, ya yi kan randa, ya ce damina na zuwa a bar yara ƙarƙashin wannan rufi. Darakta, yaro ne a kanshi, bai kare kanshi ba. Ya kira uwar ɗaki, matar da ke kwana da ƴan mata, suka tsaya suna ji. Kan rufi ya ce ba su da hali sai iyaye sun taru. Kan miya da randa ya ce laifinsu ne, ya dawo kasuwa mai zuwa ya gani.

Da ya fito yana huci, na miƙa mashi buta. Na ce, "A waccan ta Yamai, wa za ka yi ma wannan faɗan?"

Ya karɓi butar. Ya daɗe yana wanke hannu.

Ku masu ƴaƴa, ba cewa nike ku guji manyan makarantu ba. Cewa nike akwai ƙanana a garuruwan da ba a jin sunansu a rediyo, kuma kafin ku raina su ku je. Ku tambayi wadda ke kwana kusa da ƴan mata, ku ga fuskarta. Ku tambayi wa ke kai yaro likita in zazzaɓi ya kama shi. Ku faɗi sunan yaro guda ku ji ko darakta ya san ƙauyensu. In kun ga aibi, ku duba ko akwai wanda za a faɗa mawa ya ji. Makarantar da ba ta da aibi ban taɓa ganinta ba.

Idrisu ya yarda da shekara guda kawai. Ya ce in ta ƙare bai ga abin da yake so a karatun Zalika ba, zai ɗauke ta, kuma kar in ce mashi komi. Na yarda. Ya aiko da kwanon rufi, ya kuma ce kar in ɗauka ya sauya ra'ayi.

Ginin da maigidana ya yi da hannunshi ruwa ya cinye mafi yawanshi, an sake wasu. Rumbun ma ba shi ba ne. Yaran yanzu ba su san kamanninshi ba. Abin da ya saura shi ne talaka ya shiga inda ɗanshi ke kwana ba tare da ya sunkuyar da kai ba, ya ga ba daidai ba ya faɗa. Wannan kuwa ba ya tsayawa da kanshi. Ranar da iyaye suka daina zuwa, ya mutu, ko da rumbu cike yake. Allah ya jiƙanshi, ya sa ya huta.

Shekara guda Idrisu ya ba ni, gwiwoyina kuma ba su da kirki, amma ba kasuwar da za ta ci ban je ba. Zalika ta tarbe ni a bakin ƙofa wancan mako, ta karɓi sandata, ta rage murya ta ce, "Kaka, don Allah ki riƙa tsallake sati guda. Ƙawayena tsoronki suke, har mai girki."

Na ce ta gaya masu su saba.