Uwar Rumbu da Katunan 'Yata

Shekara goma sha tara, ƙarfe bakwai da rabi na safe bai taɓa yi mata a hanya ba. Kafin sauran ma'aikatan shagon buga takardu su iso, ta goge teburinta, ta yaye ƙyallen da take rufe kwamfuta da shi, ta zauna. Awa ɗaya cur ba ta karɓar aikin kowa. Ƙananan zane-zanen nan da ake ƙawata katin biki da kalanda da su take bi ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya shigo jiya ta gyara shi, ta sa masa suna da lamba, ta kai shi foldar da ta dace. Furanni gefe, dabbobi gefe, kayan asibiti gefe. Wannan ma'ajiya ta kira ta rumbu, abokan aikinta kuwa suka laƙaba mata Uwar Rumbu don tsokana. Amma duk wanda aiki ya cushe masa, wurinta yake rugawa. "Uwar Rumbu, a taimaka da tattabara mai kallon dama." Kafin ya rufe baki ta fito masa da uku.

Ni direba ne, karatuna bai yi nisa ba. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne autata. Shekararta goma sha ɗaya, tana ji, amma ba ta taɓa furta kalma ba. Malamarsu ce ta ce mu yi mata katuna masu hoto, idan tana son abu ta nuna. Haka na faɗa shagon nan shekara shida da suka wuce.

Katunan farko Auta ko kallonsu ba ta yi ba. Na koma shagon da su. Uwar Rumbu ta duba zanen kofin da ta ba ni, wani siriri mai doguwar ƙafa, ta yi dariya. "Baban Auta, laifina ne. Yarinyar nan ta taɓa ganin irin wannan a gidanku? Gobe ka kawo mini kofinta." Na kawo. Ta zana shi yadda yake, kore, har da ɓallin da ke hannunsa. Ranar Auta ta miƙo wa uwarta katin, uwar ta ba ta ruwa tana kuka.

A hankali katuna suka kai sittin. Ta buɗe musu folda ta daban a rumbun, ta sa na ciwo a sama: kai, ciki, haƙori, kunne. Auta kuwa tana da dokarta, zanen da ta sani shi kaɗai take karɓa. Ko launi aka canza sai ta yi jifa da shi. Ga ta da tauna gefen kati. Saboda haka duk wanda ya lalace sai in je in faɗi lambarsa, minti biyar a fito mini da shi, sak na jiya.

Bara mai shagon ya tsufa, ya danƙa wa ɗansa. Yaro ya zo da sababbin kwamfutoci, ya ce hotuna sun cika intanet, ba zai riƙe mai kiwon hotuna awa guda kullum ba. Da ma idonta ya fara rauni, sai aka ce ta je ta huta. Ko taron sallama ba a yi mata ba. Mai yankan takarda na wurin, shi ya ba ni labari: abu ɗaya ta roƙa, a bar ta ta kwafi foldar Auta. Aka ce kayan shago ne, ba a fita da su. Bayan mako biyu aka wanke tsohuwar kwamfutar tas. Abin da aka hana ta ɗauka don darajarsa, shi aka share don rashin amfaninsa.

Duk wannan ban sani ba, sai da katunan ciwon suka faɗa ruwan wanki suka narke, a makon kuma Auta ta fara kuka tana buga kai da bango. Na garzaya shagon. Sabon manajan, ɗan mai shagon, ya buga mini wasu masu sheƙi.

"Ba su ba ne," na ce.

"Haba Baba, ciki ai ciki ne, kunne kunne ne. Waɗannan ma sun fi kyau."

Auta ta watsar da su. Kwana huɗu muna lalube, muna ba ta maganin ciki. A na biyar muka ga ruwan da ya zubo daga kunnenta a matashinta. Likita ya ce jin kunnen hagu ba zai dawo daidai ba. Yarinyar da jin nan shi ne abin da take da shi.

Mai yankan takarda ne ya kwatanta mini gidan Uwar Rumbu. Na je da zuciya cike, ina jira ta taya ni zagi. Ba ta zagi kowa ba. Ta jawo wani tsohon fayil daga ƙarƙashin gado. Ashe a da takan buga kowane zane ƙarami kamar kan sarki, da lambarsa, ta ajiye. Na Auta arba'in da ɗaya muka samu. Sha tara sun tafi har abada.

Uwar Rumbu, ke ce mai jera abu tun ba a nema ba. Ke ce kika ba 'yata baki, alhali waɗanda Allah ya ba baki ba su iya ce miki sannu ba. Na gode, Yaya. Allah ya ƙara miki hasken ido, ya saka miki da abin da shagon nan bai iya ba.

Ku kuma masu ɗakin aiki, akwai irinta a wurinku, tana jera abin da kuke gani kamar tarkace. Kafin ku share, ku tambaye ta na wane ne. Ku masu tasowa a sana'ar, ku sa wa aikinku suna, ku ajiye shi inda na bayanku zai samu, kuma kada ku ajiye shi wuri ɗaya.

Har yau tsoro bai bar ni ba, domin idonta kullum raguwa yake. Yanzu da gilashin ƙara girma da kwamfutar 'yarta take sake zana su, ɗaya a mako, sha taran nan kuwa daga ka. Na leƙa jerin da ta rubuta, na ga katin da ke nufin Baba shi ne na ƙarshe.

"Yaya, ni ne a ƙarshe?" na ce.

Ba ta ɗago daga aikin ba. "Kai ai ta san inda kake. Bari mu gama da inda ke mata ciwo."